Tafi Ba Ya Ɗora Karaya: Haɗurran Da Makaɗan Rok Ke Gamuwa Da Su A Rangadi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton wani mashahurin makaɗin Turawa a kan dandamali, fitilu na haska shi, dubban mutane na ɗaga hannu suna kiran sunansa, yana iya ɗauka cewa babu sana'ar da ta kai wannan daɗi da sauƙi a duniya. Mutum ya rataya jita, ya yi sa'a biyu yana tsalle, a tafa masa, a cika masa aljihu, gobe kuma ya wayi gari a wani birnin. To, amma masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tarihin kiɗan nan da ake kira rok, tun daga shekarun 1950 zuwa yau, cike yake da labarin makaɗan da suka bar gida lafiya lau, aka komo da su a makara, ko a keken guragu, ko kuwa da kunnen da ba ya jin sallama sai an ɗaga murya.

Abin da ya kamata a gane shi ne, makaɗin da ke rangadi ma'aikaci ne kamar direban babbar mota ko leburan masaƙa, kuma yawancin raunukan da yake samu suna da sababin da aka sani, wanda da an so da an kauce masa. Gaggawa ce, da tsumulmular kuɗi, da kuma wata aƙida da ta yi kaka-gida a wannan sana'a, wai ko ana ha-maza-ha-mata ba a fasa wasa.

Ga wanda bai saba da shi ba, rok kiɗa ne da ya tsiro a Amurka, ya bunƙasa a Ingila, ana yin sa da jita mai amfani da lantarki, da jerin ganguna, da manyan lasifikoki. Rangadi kuwa shi ne ƙungiya ta ɗauki kayanta ta bi gari gari, wani lokaci ƙasa ƙasa, wata da watanni, kusan kullum dare akwai wasa. A gama da tsakar dare, a kwance kaya, a loda, a kama hanya, a isa gari na gaba da hantsi, a sake kafawa. A cikin wannan zagaye ne duk haɗurran suke kwance.

Hanya ta fi dandamali cin rai

A farkon shekarar 1959 aka shirya wa wasu matasan makaɗa rangadin garuruwa 24 a arewacin tsakiyar Amurka, cikin mako uku da 'yan kwanaki, a tsakiyar hunturun da ruwa ke daskarewa. Waɗanda suka tsara tafiyar ba su dubi taswira da idon basira ba, don haka sai a yi wasa a nan yau, gobe a zabga mil ɗaruruwa, jibi a komo kusa da inda aka baro. Motocin da aka ba su tsofaffi ne, na'urar ɗumama ciki ta lalace, har sanyi ya ci ƙafafun mai buga musu ganga, Carl Bunch, aka kwantar da shi a asibiti. Gajiya da rashin barci suka sa jagoran tafiyar, Buddy Holly, ya yi hayar wani ƙaramin jirgin sama don ya riga mota isa, ya samu ya huta. Ran 3 ga watan Fabrairu, jim kaɗan bayan jirgin ya tashi daga kusa da garin Clear Lake a jihar Ayowa, sai ya faɗi a wata gona. Holly mai shekara 22, da Ritchie Valens mai shekara 17, da J. P. Richardson mai shekara 28, da matuƙin jirgin mai shekara 21, duk suka mutu nan take. Hukumar da ta yi bincike ta gano cewa matuƙin bai sami takardar izinin tuƙi da na'ura kaɗai ba, watau irin tuƙin da ake yi cikin duhu da lalacewar yanayi. Abin da ya fi ban takaici kuma, ba a fasa wasan da aka shirya a daren ba. An nemo wasu yara aka cike gurbin, rangadi ya ci gaba.

Shekara 18 bayan haka, ran 20 ga watan Oktoba na 1977, jirgin da ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ta yi haya ya faɗi a wani daji mai fadama kusa da Gillsburg a jihar Misisifi. Mutum 26 ne a ciki, shida suka mutu, har da jagoran mawaƙan, Ronnie Van Zant, da Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie. Babu tsawa, babu guguwa. Mai ne ya ƙare wa jirgin a sararin sama, kuma rahoton hukuma ya ɗora laifin a kan rashin kulawar matuƙan da yawan man da ya rage musu. A 1990 ma, jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauki gwanin jita Stevie Ray Vaughan bayan wani wasa a jihar Wisconsin ya tashi cikin hazo da tsakar dare, ya yi karo da tudu, babu wanda ya fita.

Kada mai karatu ya ce ai wannan masifar masu hawa jirgi ce. Ran 27 ga watan Satumba na 1986, da asuba, bas ɗin da ke ɗauke da ƙungiyar Metallica ta kife kusa da garin Ljungby a ƙasar Suwidin. Cliff Burton, ɗan shekara 24, yana barci a gadon cikin motar, ya faɗo ta taga, motar ta danne shi. Direban ya ce santsin ƙanƙara ne, abokan mamacin kuwa ba su gamsu da wannan bayani ba. Ko wata biyu ba a yi ba, ƙungiyar ta sami wanda zai maye gurbinsa, ta koma hanya. A watan Fabrairu na 2016, a wannan ƙasa dai, wasu samari huɗu 'yan Ingila masu ƙungiyar Viola Beach, tare da manajansu, sun halaka yayin da motarsu ta afka cikin ruwa daga kan wata gada cikin dare, bayan sun tashi daga wasa. Waɗannan ba su yi suna ba tukuna, ba su da jirgi, ba su da direban haya, kuma irinsu ne suka fi yawa a wannan sana'a: mutum ya gama kiɗa jiƙe da gumi, ya ɗora kaya a bayan mota, ya karɓi sitiyari da kansa.

Dandamali ma'aikata ce

Wanda ya tsira daga hanya kuma, dandamali na jiransa. A idon ɗan kallo wuri ne na ado, alhali kuwa ma'aikata ce da aka gina cikin sa'o'i kaɗan, aka rataya ƙarafa masu nauyin tan da yawa a bisa kawunan mutane, aka shimfiɗa wayoyin lantarki ko'ina, gobe kuma a rushe ta a kai wani gari.

A ɗauki lantarki. Tsirkiyar jita ƙarfe ce, kuma a haɗe take da na'urar ƙara sauti. Makirfo ma haka, sai dai sau da yawa daga wani layin dabam yake shan wuta. Idan ɗaya daga cikin layukan ba a haɗa masa wayar da ke zubar da wuta a ƙasa ba, to, makaɗin da ya riƙe jita da hannu ɗaya, ya taɓa makirfo da ɗayan ko da leɓensa, shi ne ya zama wayar. Haka ta faru ga Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones a birnin Sacramento a watan Disamba na 1965, ya faɗi sumamme, Allah ya yi da sauran kwanansa. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows bai yi wannan sa'a ba. Ran 3 ga watan Mayu na 1972, a wani zauren rawa a garin Swansea na yankin Wels, ya taɓa makirfo a gaban jama'a, wuta ta kashe shi yana ɗan shekara 27. Gwajin da zai hana wannan ba ya cin minti biyar a hannun mai gyaran lantarki.

Sai kuma abin da ke faɗowa daga sama. Ran 13 ga watan Agusta na 1990, a wani fili a unguwar Brooklyn ta birnin New York, iska ta ture ƙarfen da aka rataya wa fitilu, ya faɗo wa Curtis Mayfield a wuya. Daga ranar bai ƙara motsa hannu ko ƙafa ba har ya rasu a 1999. A watan Yuni na 2012, a birnin Toronto na Kanada, rufin dandamalin da aka kafa wa ƙungiyar Radiohead ya rufto kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ya kashe Scott Johnson, ɗan shekara 33, mai kula musu da ganguna. Gwamnatin lardin ta gurfanar da kamfanonin da abin ya shafa, amma a 2017 kotu ta dakatar da shari'ar saboda ta daɗe fiye da yadda doka ta yarda. Rai ya tafi, kotu ba ta hukunta kowa ba. Wannan shari'a ta nuna wani abin da ake mantawa: bayan kowane tauraro akwai mutum hamsin ko ɗari, masu hawa ƙarafa, masu ja da wayoyi, masu dakon akwatuna, waɗanda haɗarinsu ya fi nasa, sunansu kuwa ba ya fitowa a jarida sai ranar da suka mutu.

Wuta ma ta ci nata rabon. Da yake 'yan kallo na son abin mamaki, sai aka shigo da al'adar harba tartsatsi da harshen wuta a kan dandamali. Ran 8 ga watan Agusta na 1992, a birnin Montreal, James Hetfield na Metallica ya taka inda bai kamata ba a daidai lokacin da aka kunna wutar, ta babbake masa hannu da fuska. Bayan kwana 17 ya koma waƙa da hannu a naɗe, wani na kaɗa masa jita. Mafi muni shi ne abin da ya auku ran 20 ga watan Fabrairu na 2003 a wani ƙaramin gidan rawa a jihar Rhode Island, inda tartsatsin da aka harba wa ƙungiyar Great White ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. Cikin 'yan mintoci gidan ya ƙone ƙurmus, mutum 100 suka mutu, har da mai kaɗa wa ƙungiyar jita, Ty Longley.

Faɗuwa daga dandamali kuwa ta zama ruwan dare, domin wanda fitila ta kashe wa ido ba ya ganin inda katako ya ƙare. Patti Smith ta faɗo a birnin Tampa a 1977, ta karya ƙasusuwan wuya. Frank Zappa kuwa wani ɗan kallo ne ya hau ya ingiza shi cikin rami a wani gidan wasa a Landan a watan Disamba na 1971, ya karye a wurare da dama, maƙogwaronsa ya murƙushe, ya yi watanni a keken guragu, muryarsa ma ba ta koma yadda take ba.

Raunin da ba ya zubar da jini

Duk waɗannan haɗurra ne na farat ɗaya, su ne jaridu ke bugawa da manyan baƙaƙe. Amma raunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ke shiga a hankali, kamar gara a azara, ba a sanin ya yi ɓarna sai rufi ya lotsa.

Na farkonsu kurumta. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa kunnen ɗan Adam na iya jure desibel 85 na tsawon sa'a takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci gida biyu. Watau desibel 88 sa'a huɗu ke nan, 91 sa'a biyu, 94 sa'a ɗaya, har a kai 100, inda minti 15 kacal ya rage. To, a wasan da ƙungiyar The Who ta yi a filin ƙwallon Charlton a Landan a 1976, an auna desibel 126 a tazarar mita 32 daga lasifikokin, kuma a lokacin abin alfahari aka ɗauke shi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke mai da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma babu likitan da ke dasa su. Pete Townshend na wannan ƙungiya ya yi shekaru yana fama da raunin ji da wani ƙugi da ba ya yankewa a kunnensa. A watan Maris na 2016 likitoci suka gaya wa Brian Johnson, mawaƙin AC/DC, cewa ko dai ya bar rangadi nan take ko ya kurumce gaba ɗaya. Shi da kansa ya ce tseren mota ma ya taimaka wajen lalata masa kunne, amma dai dandamali ne aka hana shi hawa, kuma sai da ya yi shekaru, aka ƙera masa wata na'ura ta musamman, kafin ya komo.

Na biyu, gaɓoɓi. Wani nazari da jami'o'in Chichester da Gloucestershire na Ingila suka bayyana a 2008, bayan sun yi shekaru suna auna Clem Burke, mai buga wa ƙungiyar Blondie ganga, ya nuna cewa bugun zuciyarsa kan kai 190 a minti ɗaya a tsakiyar wasa, daidai da na ɗan ƙwallon ƙafa na babban kulob. Bambancin shi ne ɗan ƙwallo na da likita, da mai tausa, da ranakun hutu, kuma yakan yi ritaya kafin ya kai arba'in. Makaɗi kuwa yakan yi dare huɗu ko biyar a mako, ya kwana a mota, ya ci abin da ya samu, ya ci gaba har ya haura sittin. Phil Collins ya sami rauni a ƙashin wuya a rangadin ƙungiyar Genesis na 2007, jijiyoyin hannunsa suka taɓu har riƙe sandar ganga ya gagare shi. A rangadinsu na bankwana, wanda ya ƙare a watan Maris na 2022, a zaune a kujera ya yi waƙa, ɗansa Nic ne ya buga gangar. Tom Araya na ƙungiyar Slayer, wanda ya yi shekaru kusan talatin yana kaɗa kai da ƙarfi kamar yadda salon kiɗansu ya gada, sai da aka yi masa aiki a wuya a 2010, aka hana shi wannan kaɗa kai har abada. Jiki magayi.

Wai ba a fasa wasa

Nan ne maganar ta zo kan 'yan kallo da masu kuɗi. Ran 12 ga watan Yuni na 2015, a birnin Gothenburg na Suwidin, Dave Grohl na ƙungiyar Foo Fighters ya faɗo daga dandamali a waƙa ta biyu, ƙafarsa ta karye. Aka ɗauke shi, aka naɗe ƙafar, aka komo da shi a kujera, wani ma'aikacin lafiya na riƙe da ƙafar, ya ƙarasa wasan. Bayan an yi masa aiki, sai ya sa aka ƙera masa wata karaga, ya ci gaba da rangadi a zaune, har a 2016 ya ara wa Axl Rose ita da shi ma ya karya ƙafa. Duniya ta yi ta jinjina masa, ana cewa namijin duniya. Ba a musun jarumtakarsa. Amma ya kamata a tambaya, wane darasi wannan tafi ya koya wa yaron da ke tasowa, wanda ba shi da kuɗin likitan ƙashi, ba shi da karaga? Darasin shi ne, wanda ya ce yana jin ciwo rago ne.

Inda wannan aƙida ke kaiwa ya bayyana a kan Tom Petty. A 2017 ya yi rangadin cika shekara 40 da kafa ƙungiyarsa da tsagewar ƙashi a kwatangwalo. Iyalinsa sun ce wasa 53 ya yi a haka, don ba ya so ya saɓa wa waɗanda suka sayi tikiti. Ya gama ran 25 ga watan Satumba, ya rasu ran 2 ga watan Oktoba yana da shekara 66. Binciken likita ya nuna cewa magungunan kashe zafin ciwo ne suka yi masa yawa, ba da niyya ba. Fiye da shekara guda kafin nan, Prince ya mutu da irin wannan magani mai suna fentanil, kuma makusantansa sun ce ya daɗe yana fama da ciwon kwatangwalo bayan shekarun da ya yi yana dirowa daga tudu da takalmi mai tsini. Sau da yawa in aka ji makaɗi ya mutu da ƙwaya sai a ce shashanci ne, a rufe littafi. Wani lokaci shashancin ne. Amma wani lokaci ƙwayar ita ce sandar da mai rauni ya dogara da ita don kada a fasa wasan gobe.

Me ya sa fasawa ke da wuya haka? Kuɗi. A da, ana rangadi ne don a tallata faifai, ribar na cikin faifan. Tun da intanet ya karya kasuwar faifai, abin da mawaƙi ke samu daga sauraron waƙarsa a waya ɗan kaɗan ne, sai rangadi ya zama gonar da ake ci daga gare ta. Wasa ɗaya in ya faɗi, an riga an biya kuɗin zaure da na motoci da na masauki, ga kuma ma'aikata da dama waɗanda sai an yi wasa ake biyansu. Makaɗin da ke kwance da zazzaɓi ya san cewa abincin gidaje hamsin na rataye a wuyansa, don haka sai ya haɗiyi magani ya miƙe.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kowa da ajalinsa. Amma wanda ya tashi jirgi bai duba mai ba, ko ya haɗa waya bai gwada ta ba, ba shi da bakin fakewa da ƙaddara, domin an ce a ɗaure raƙumi kana a yi tawakkali. Wasu kuma za su ce ai attajirai ne, su suka zaɓa, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan magana ta dace da mutum ɗaya cikin dubu. Sauran ba su mallaki ko motar da suke yawo a ciki ba, ma'aikacin da rufi ya danne a Toronto kuma albashi yake karɓa kamar kowa. Akwai kuma masu cewa haɗarin shi ne gishirin kiɗan, in aka cire shi armashi ya tafi. To, babu wanda ya taɓa barin zaure yana ƙorafin cewa an gwada wayar makirfo kafin a fara.

Rigakafi ya fi magani

Hanyar gyara ba boyayya ba ce, har wasu sun daɗe da binta. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar Van Halen ta yi suna da wani sharaɗi a takardar kwangilarta: a ajiye musu kwanon alewar M&M's a ɗakin hutawa, amma a tsince duk masu launin ƙasa-ƙasa. Mutane suka ɗauka iyayi ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Daga baya mawaƙinsu, David Lee Roth, ya bayyana dalili. Kayansu na da nauyi ƙwarai, kwangilar kuma cike take da ƙa'idojin lantarki da na ƙarfin dandamali. In suka iso suka ga alewa mai launin da aka hana, sun san mai shirya wasan bai karanta takardar ba, sai a sake duba kome daga tushe. Ashe alewar ma'auni ce.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban bas ya wuce sa'a huɗu da rabi yana tuƙi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma a bisa ƙa'ida sa'a tara ce iyakarsa a yini. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizanin wuraren kiɗa, inda ta ce kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100, a riƙa aunawa, a samar wa jama'a abin toshe kunne da wurin da za su huta daga ƙara. Manyan ƙungiyoyi yanzu kan sa wata 'yar na'ura a kunne wadda ke kawo musu sautin daidai gwargwado, su kuma tafi da mai tausa da likita. Abin da ya rage shi ne waɗannan abubuwa su daina zama gatan manya. Tilas ne a rubuta ranakun hutu a cikin kwangila, a sa injiniya ya sa hannu kan kowane dandamali kafin a hau, a yi wa kowa inshora tun daga mawaƙi har ɗan dako, sa'an nan in sakaci ya ci rai, kotu ta yanke hukunci kafin shari'a ta tsufa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar nan ma ta taɓa ɗanɗana wannan ɗaci, domin a watan Janairu na 1971 ne Cardinal Rex Lawson, gwanin kiɗan hailaif, ya rasu a haɗarin mota a kan hanyarsa ta zuwa wasa a Warri. Makaɗan jita na Abzinawan Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun shiga sahun masu rangadin Turai da Amurka, suna bin hanyoyin da aka ambata a sama. Samarin mawaƙan Hausa kuma kowace Sallah suna cikin mota, daga wannan birni zuwa wancan, galibi da dare, su isa su hau dandamalin da aka haɗa da katako da ƙusa, wayar janareta a kwance a ƙasa, lasifika a ƙure. Nijeriya na da dokar ƙayyade ƙara ta 2009 da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ya rage ga ma'aikatun al'adu da na ƙwadago, da ƙungiyoyin mawaƙa, da ɗaliban da ke shirya wasanni a makarantu, su tabbata cewa waɗannan dokoki sun isa bakin dandamali.

Ɗan kallo ma na da nasa aikin. Ranar da aka sanar cewa mawaƙi ya fasa wasa don likita ya ce ya kwanta, kada a zage shi, kada a jefi zaure. A karɓi kuɗin tikiti a koma gida, a yi masa addu'ar samun sauƙi. Tafin mutum dubu hamsin ba ya ɗora karaya, ba ya mai da ji ga kunnen da ya mutu, kuma makaɗin da ya huta bana shi ne za a sake gani baɗi.